Yadda Mai Gida ko Mai Ƙaramin Ofis Zai Tsare Intanet da Kwamfutocinsa da Kansa

Ƙaramin ofis, ko shagon buga takardu ne, ko kantin magani, ko ofishin makarantar kuɗi, kusan kayan aikinsa iri ɗaya ne da na gidan da ke da yara 'yan makaranta: rauta guda mai rarraba intanet, kwamfuta biyu ko uku, firinta, wayoyin mutanen wurin, wani lokaci da kyamarorin tsaro. Wanda ya kafa waɗannan kaya galibi ya jona su ne, da ya ga intanet ta kawo sai ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake leƙa saitinsu. Akasarin ɓarnar da ake yi wa irin waɗannan wurare ba ta buƙatar wata gwaninta daga masu kutse, domin abin da suke nema bai wuce kalmar sirrin da ba a canza ba, da manhajar da ba a sabunta ba, da ma'aikacin da zai danna duk abin da aka turo masa. Gyaran wannan aiki ne na yini guda wanda mai wurin zai iya yi da hannunsa, kuma mafi yawansa ba ya cin ko sisi, muddin an bi shi daki-daki.

Kafin a taɓa komai, a samu littafin rubutu a jera duk na'urar da ke hawa intanet ɗin wurin, da sunan wanda ke riƙe da ita. A cikin wannan littafi ne za a riƙa rubuta duk saitin da aka canza, sannan a adana shi inda ake adana takardun fili da na banki, ba a kan teburin aiki ba.

Farawa daga rauta

Duk abin da ya shiga ko ya fita daga wurin ta rauta yake bi, don haka ita ce farko. A juya ta a duba takardar da ke manne a ƙasanta ko a bayan batirinta, inda aka rubuta adireshin shiga saitinta. Yawanci adireshin 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, a rautocin Huawei masu ɗaukar layin waya kuma 192.168.8.1. A jona kwamfuta da rautar, zai fi kyau ta kebul, a buɗe burauza a rubuta adireshin a inda ake rubuta sunan shafi, sai ta nemi suna da kalmar sirri.

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa, domin rauta tana da kalmomin sirri biyu. Akwai ta Wi-Fi, wadda ake ba mai son hawa intanet, akwai kuma ta gudanarwa, wadda ke buɗe saitin rautar kanta. Ta biyun ce ta fi haɗari, kuma ita aka fi mantawa da ita, har ma a rautoci da yawa sunan shiga da kalmar sirrin duka "admin" ne tun daga masana'anta. Wanda ya samu wannan kalma zai iya ganin kalmar Wi-Fi ko sau nawa aka canza ta, zai iya korar na'urorin mai wurin, zai kuma iya karkatar da masu neman shafin banki zuwa shafin bogi. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarori a faɗin duniya ba tare da wata dabara ba face gwada sunaye da kalmomin sirri na masana'anta kimanin 60. Da waɗannan na'urori aka kai hari kan kamfanin Dyn, wanda manyan shafuka suka dogara da shi wajen a iya samun su a intanet, ranar 21 ga Oktoba na shekarar, abin da ya hana mutane da dama a Amurka shiga Twitter da Netflix, kuma da wani reshe na manhajar aka takura wa intanet ɗin Laberiya a ƙarshen wannan shekara. Masu na'urorin ba su ma san da su ake aikin ba. Abin ya kai ga Birtaniya ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai saukin canka tun daga watan Afrilu na 2024, amma rautar da ke kasuwanninmu babu mai ba da tabbacin ta bi wannan doka. A canza kalmar gudanarwa nan take, a rubuta sabuwar a littafi.

Daga nan sai a shiga sashen Wi-Fi a duba nau'in kullen da aka zaɓa. Idan akwai WPA3, wanda ya fito a 2018, kuma duk na'urorin wurin suna iya hawa kansa, a zaɓe shi. Idan tsohuwar firinta ko waya ta ƙi, a zaɓi haɗin WPA2 da WPA3, ko WPA2 kaɗai tare da AES. WEP kuwa tun 2001 masana suka nuna yadda ake fasa shi, yanzu kuma aikin mintuna ne, saboda haka rautar da ba ta da komai sai WEP ko WPA na farko ta gama aiki, canza ta za a yi.

Kalmar Wi-Fi tana ɗaukar haruffa 8 zuwa 63, kuma tsayinta ya fi sarƙaƙiyarta muhimmanci. Dalili shi ne mai kutse ba sai ya tsaya kusa da ofis yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya ba. Yana iya ɗaukar musayar saƙon da ke faruwa lokacin da waya ke hawa Wi-Fi, ya tafi da ita gida, ya sa kwamfuta mai ƙarfi ta yi ta gwada dubban ɗaruruwan kalmomi a kowace daƙiƙa. Wannan ne ya sa al'adar sa lambar wayar mai gida a matsayin kalmar sirri ta zama kuskure babba, ko da kuwa ba a san lambar ba: lambar Najeriya tana da alƙaluma 11, amma huɗun farko irin su 0803 da 0806 sanannu ne, saura bakwai ke nan, wato zaɓi miliyan 10 kacal ga kowane irin farkon lamba, abin da kwamfuta za ta ƙare cikin ɗan lokaci. Lambar Nijar mai alƙaluma 8 ba ta fi ta tsaro ba. Abin da ya fi shi ne a haɗa kalmomi huɗu ko biyar waɗanda babu abin da ya haɗa su, kamar tukunya da raƙumi da lemo da sunan wani gari, a raba su da alama a ƙara lamba. Kada a yi amfani da karin magana ko aya ko sunan ɗa, domin duk abin da wani zai iya tunanin mai gida zai zaɓa yana iya shiga jerin gwaji.

Akwai saituka uku da ya kamata a kashe kafin a bar shafin. Na farko WPS, wanda aka ƙirƙira don a hau Wi-Fi ta danna maɓalli ko sa lamba mai alƙaluma 8. A watan Disamba na 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya bayyana cewa rauta tana tantance lambar ne rabi-rabi, kuma alƙalami na ƙarshe ana lissafo shi ne daga sauran, wanda hakan ya rage gwajin da ake buƙata zuwa 11,000. Wanda ya canki lambar kuwa rautar da kanta za ta miƙa masa kalmar Wi-Fi, komai tsayinta. Na biyu shi ne saitin da ke ba da damar shiga rautar daga waje, wanda a yawancin rautoci aka rubuta masa Remote Management. Na uku UPnP, wanda ke barin kowace na'ura ta buɗe wa kanta mashiga daga intanet ba tare da neman izinin kowa ba. Gaskiya ne rautocin da ke amfani da layin waya galibi suna bayan adireshin da kamfanin sadarwa ya haɗa masu amfani da yawa a kai, wanda ke sa isa gare su daga waje ya yi wuya, amma wannan kariya ce da ba mai ofis ya tsara ba, kuma tana iya gushewa ranar da aka koma wani kamfani ko wani tsari.

Sai manhajar rautar kanta. A nemi sashen sabuntawa a danna, kuma idan akwai zaɓin ta riƙa sabunta kanta, a kunna shi. Kada a yi wannan aiki sai an tabbata wuta ba za ta ɗauke a tsakiya ba, domin rautar da wuta ta yanke mata tana cikin sabuntawa tana iya mutuwa ɗungurungum. Idan masana'anta ta daina fitar da sabuntawa ga samfurin shekara da shekaru, to lokacin sayen wata ya yi, ko da fitilunta suna ci lafiya lau.

Wanda ke son ƙarin kariya kyauta zai iya canza adireshin DNS, wato sabar da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar da kwamfuta ke ganewa. Idan aka sa 9.9.9.9 na Quad9, ko 1.1.1.2 na Cloudflare, za a toshe shafukan da aka riga aka san na damfara ne ko na yaɗa cuta, ga duk wanda ke kan rautar. Gidan da ke da yara zai iya sa 1.1.1.3, wanda ke ƙarawa da toshe shafukan batsa. Wannan ba ya kama sabon shafin da aka buɗe jiya, kuma yaro mai wayo zai iya kauce masa, amma yana rage da yawa.

Raba baƙi da mutanen gida

Gidan Bahaushe yana da zaure domin baƙo ya samu wurin zama da ruwan sha ba tare da ya ga cikin gida ba, kuma haka ya kamata a tsara intanet. Yawancin rautoci suna da Wi-Fi na baƙi, mai suna dabam da kalmar sirri dabam, wanda ke ba da intanet kaɗai ba tare da barin baƙo ya ga kwamfutoci da firinta ba. A kunna shi, a tabbatar an kashe zaɓin da ke ba baƙi damar isa ga na'urorin cikin gida, kuma idan rautar tana da hanyar iyakance gudu ko yawan data, a yi amfani da ita. Kwastomomi da maƙwabta da wayoyin ma'aikata na kashin kansu duk nan za su hau. A tuna cewa wayar Android tun daga sigar 10 tana nuna kalmar Wi-Fi a matsayin hoton QR wanda kowa zai iya ɗauka, saboda haka kalmar da aka ba mutum ɗaya an ba abokansa ke nan. Ta baƙi a riƙa canza ta akai-akai, ta aiki kuwa mai ofis ya shigar da ita da hannunsa a kowace kwamfuta ba tare da ya furta ta ba.

Talabijin mai intanet da kyamarori marasa tsada su ma sun fi dacewa da ɓangaren baƙi, domin su ne na'urorin da aka fi barin su ba sabuntawa. Na'urar da ke naɗar hotunan kyamara tana da nata sunan shiga da kalmar sirri, kuma wanda ya kafa ta ya san su, wataƙila ma kalma ɗaya yake sa wa duk gidajen da ya yi wa aiki. A canza ta bayan ya tafi, a kuma duba jerin masu izini a goge duk sunan da ba a sani ba.

Ɓoye sunan Wi-Fi da tace na'urori ta lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke hawa rauta da ita, waɗanda masu gyara ke yawan ba da shawararsu, a ganina wahala ce kawai. Suna hana maƙwabci marar sani, wanda doguwar kalmar sirri ta riga ta hana, amma duk wanda ya san aikin yana ganin sunan da aka ɓoye kuma yana iya kwaikwayon lambar. Abin da ya fi amfani shi ne buɗe jerin na'urorin da ke kan rautar lokaci-lokaci a gwada shi da abin da ke cikin littafi.

Kebul da wuta

Duk kwamfutar da ba ta motsi, da firinta da na'urar kyamara, kebul ya fi musu Wi-Fi sauri da aminci. Kebul nau'in Cat5e ko Cat6 ya isa, kada tsayin guda ya wuce mita 100, kuma idan ramukan rautar sun kasa sai a ƙara ɗan suwici, wato akwatin da ke ƙara ramukan jona kebul, mai rami 5 ko 8. Wajen saye a kankare wayar ciki da reza: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, yana karyewa da wuri kuma bai dace da kyamarorin da ke shan wuta ta kebul ba. Rauta a ɗora ta sama a tsakiyar gini, nesa da ƙarfe da bango mai kauri. Wi-Fi yana aiki a zango biyu: zangon 5 GHz ya fi sauri amma ba ya ratsa bango sosai, na 2.4 GHz kuwa ya fi nisa, kuma idan maƙwabta sun cika shi a gwada tasha ta 1 ko 6 ko 11.

Ɗaukewar wuta da hawa da saukarta lokacin da ake sauyawa zuwa janareta suna lalata faifan kwamfuta da fayilolin da ake cikin rubutawa. Ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura na ɗan lokaci idan wuta ta ɗauke, ga kwamfutar da ke riƙe da lissafi da kuma rauta ba almubazzaranci ba ne. Da damina, in hadari ya haɗu da tsawa, a zare filogi da duk kebul ɗin da ya shigo daga wajen gini.

Kwamfutocin kansu

Ranar 12 ga Mayu, 2017, manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 150, ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ramin da ta bi tun watan Maris, wato wata biyu kafin harin, waɗanda abin ya shafa ba su shigar da shi ba ne. Inda data ke da tsada mutane suna kashe sabuntawar Windows da gangan, kuma dalilinsu abin fahimta ne, amma akwai hanyar rage kuɗin ba tare da kashewa ba. Microsoft yana fitar da gyare-gyarensa na wata-wata ranar Talata ta biyu, don haka ana iya ware dare guda bayan ranar a yi da datar dare mai rahusa. Haka kuma a cikin saitin sabuntawa akwai Delivery Optimization, wanda idan aka kunna shi ga na'urorin cikin ofis kaɗai, kwamfuta ɗaya za ta iya raba wa sauran abin da ta sauke.

Sabuntawa tana aiki ne ga sigar da ake ci gaba da kula da ita. Windows 7 an daina kula da shi ranar 14 ga Janairu, 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar da ba ta iya ɗaukar Windows 11, wanda ke buƙatar wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0, ana iya sa mata Linux Mint a madadin Windows, wanda kyauta ne kuma ya wadatar ga rubutu da imel da shiga shafuka. Idan dole ne a riƙe tsohuwar kwamfuta saboda wata na'ura ko manhajar da ba ta aiki sai da ita, a cire ta daga intanet gaba ɗaya.

Batun manhajar sata yana buƙatar magana ba kwana-kwana. Kwamfutoci da yawa suna fitowa daga hannun mai gyara da Windows da Office da CorelDRAW waɗanda aka fasa, kuma sharaɗin shigar da su shi ne a kashe kariyar kwamfutar a ba wata manhajar da ba a san marubucinta ba cikakken iko. Ta wannan hanya ake yaɗa manhajojin da ke kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza. Kwamfutar da ake shiga banki ko imel ɗin ofis da ita bai kamata ta ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel kyauta, kuma Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows ya isa kariya idan ana sabunta shi, ya ma fi fasasshen antibairos da ya shekara bai ga intanet ba.

A buɗe asusu biyu a kowace kwamfuta: na mai gudanarwa, wanda mai ofis kaɗai ya san kalmarsa, da na aikin yau da kullum marar ikon shigar da manhaja. Shi kansa mai ofis ya riƙa aiki da na biyun. A saita allon ya kulle kansa bayan minti biyar. A kuma kunna nuna ƙarshen sunan fayil, domin a gane cewa abin da aka turo da sunan rasiti, wanda ya ƙare da .exe ko .js ko .scr, shiri ne mai gudana ba takarda ba.

Shagon buga takardu yana da matsala ta musamman, domin filashin kowa sai ya shiga kwamfutarsa. Mafita ita ce a ware kwamfuta ɗaya don kwastomomi, wadda babu komai na ofis a cikinta kuma ba ta kan Wi-Fi na aiki. Idan aka buɗe filashi aka ga folda-folda sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gefe, kada a danna ko ɗaya, domin dannawar ce ke tayar da cutar. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. A sa Defender ya bincike filashin, a goge gajerun hanyoyin, sannan a buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* tare da sa harafin filashin a madadin E, sai su dawo.

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana buƙatar kulle faifanta, domin ɓarawon da ya ɗauke ta zai iya zare faifan ya karanta komai ba tare da sanin kalmar shiga ba. BitLocker a Windows Pro, da Device Encryption a wasu kwamfutocin Windows Home, da FileVault a Mac duk suna wannan aiki. BitLocker yana ba da mabuɗin ceto mai alƙaluma 48, wanda dole a buga shi a takarda a adana, domin ranar da ya ɓace kuma kwamfutar ta nemi shi, babu injiniyan da zai iya dawo da bayanan.

Asusun imel, WhatsApp da banki

Imel ɗin ofis shi ne ake aika wa saƙon sake saita kalmar sirrin kusan kowane asusu, don haka shi za a fara ƙarfafawa. Kowane asusu ya samu kalmarsa dabam, domin idan aka sace bayanan wani shafi, masu kutse suna gwada imel da kalmar da suka samu a sauran shafuka. Tun da ba mai iya haddace kalmomi talatin, a yi amfani da ma'ajin kalmomin sirri irin Bitwarden ko KeePassXC, ko aƙalla littafin da aka ambata. Shafin Have I Been Pwned yana nuna ko adireshin imel ya taɓa fitowa a cikin bayanan da aka sace. Sannan a kunna tantancewa mataki biyu, kuma lambar da manhaja irin Google Authenticator ke samarwa ta fi wadda ake turowa ta tes, domin ana iya ƙwace layin waya. Lambobin ceto da ake bayarwa lokacin kunnawa a buga su a ajiye.

Ana ƙwace WhatsApp ne galibi ta hanya ɗaya: wani ya kira da sunan ƙungiya ko taro, ya ce an turo lamba mai alƙaluma 6 a karanta masa. Wannan lamba ita ce ta rajistar asusun a wata waya. A kunna tantancewa mataki biyu a saitin WhatsApp, a riƙa duba jerin na'urorin da aka haɗa, kuma a gaya wa kowa a ofis da gida cewa babu banki ko hukuma ko kamfanin sadarwa da ke neman irin wannan lamba ko lambar katin ATM ta waya. Layin da ke haɗe da asusun banki a sa masa PIN na SIM, domin wanda ya sace waya yana iya zare layin ya sa a wata wayar ya gwada cire kuɗi ta lambobin USSD. A tanadi lambar PUK da ke jikin katin layin, tun da kuskure uku wajen sa PIN yana kulle layin, kuma da PUK ake buɗe shi.

Doka ɗaya ta ofis tana hana asara mai yawa: duk saƙon da ya ce an canza lambar asusun da za a biya kuɗi, ko daga imel ɗin dila na gaskiya ya fito, ba a biya sai an kira mutumin ta lambar da aka daɗe da sani. Kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ko lafiya aka rabu, a rufe asusunsa a canza duk kalmar da ya sani.

Ajiyar bayanai

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ke da muhimmanci, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wajen ginin. Ga ƙaramin ofis wannan yana nufin ainihin fayilolin a kwamfuta, kwafi a faifan ajiya na waje, da kwafi a intanet ko a wani faifan da ake kaiwa gida. Faifan waje a jona shi lokacin kwafa kaɗai a zare bayan an gama, domin manhajar garkuwa tana kulle duk faifan da ta tarar a jone. Zai fi kyau a samu biyu ana musanya su mako-mako. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda ya isa takardu da lissafi, amma a lura cewa folda mai daidaita kanta da intanet ba cikakkiyar ajiya ba ce, tun da fayil ɗin da aka goge ko ya lalace a kwamfuta haka zai koma a can, sai dai a ceto tsohon cikin ɗan wa'adin da ake bayarwa. Filashi kuwa na ɗaukar fayil ne daga nan zuwa can, ba abin dogaro ba ne wajen ajiya. Sau ɗaya a wata a zaɓi fayil biyu ko uku daga ajiyar a buɗe su a wata kwamfuta, domin ta haka ne kawai za a san ko kwafin yana aiki, musamman bayanan manhajar lissafi da ta kantin magani, waɗanda sau da yawa ba a cikin foldar takardu suke zaune ba.

Idan abin ya riga ya faru

Da zarar an ga fayiloli sun ƙi buɗewa, ko saƙon neman kuɗin fansa, ko kibiyar kwamfuta tana motsi ita kaɗai, a zare kebul a kashe Wi-Fi na wannan kwamfutar, kada kuma a jona faifan ajiya da ita. Daga wata na'ura mai tsabta a canza kalmar imel tukuna, sannan ta banki da sauran, a kira banki idan akwai alamar an taɓa asusu. A ɗauki hoton saƙon da ke allon da waya, domin shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da na Holan suka kafa tare da kamfanonin tsaro a 2016, yana da mabuɗan wasu nau'o'in manhajar garkuwa kyauta. Biyan fansa ba ya tabbatar da dawowar komai. Ofishin da ke Najeriya kuma yake riƙe da bayanan mutane, kamar makaranta ko asibiti, ya san cewa Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya (NDPC) cikin sa'o'i 72 idan satar tana iya cutar da masu bayanan. Kwamfutar da aka tabbatar ta kamu, goge ta gaba ɗaya a sake sa mata Windows daga shafin Microsoft ya fi ƙoƙarin tsince cutar. Idan kuma ana zargin an taɓa rautar, a danna ɗan maɓallin da ke cikin rami a bayanta da tsinke na kimanin daƙiƙa 10 har ta koma yadda ta fito daga masana'anta, sannan a sake saita ta daga farko da sababbin kalmomin sirri kafin a bar kowace na'ura ta hau.